Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Da sunan Allah nake buɗe baki yau ma. Wannan shi ne labari na sittin, 'ya'yana, kuma daga shi babu wani. Sauran hamsin da taran nawa ne da mahaifinku: yadda ya kawo ni Abuja a gaban tifa lokacin da unguwar Kado take daji, yadda na fara bandar kifi da rabin duro guda, da haihuwarku ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa labarin littafin ne kansa. Na san a cikinku akwai mai ganin taurin kai ne ya hana ni tashi daga gidan nan bayan na fita takaba. Taurin kan akwai shi, ba na musu. Amma ku ji abin da ke ƙarƙashinsa.

Mai rubuta mini ita ce Malama Rifkatu, Maman Bulus, maƙwabciyarmu ta shekara da shekaru, wadda ta yi aikin buga tafireta a ma'aikata har ta yi ritaya. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata surorin salla. Ga ta nan zaune gabana a kan benci, tabarau a ƙarshen hanci, ni kuma ina juya tarwaɗa a kan waya. Idan kun ji takardun suna warin hayaƙi, dalilin ke nan.

Ba ni na sayi littafin nan ba, mahaifinku ne. Shekarar da ya ajiye tuƙin motar ma'aikata ya shigo da shi a hammata, mai baƙin bango, kauri kamar bulo, ya ɗora mini a cinya.

"Hajo, kin ga wannan? Duk abin da idona ya gani a garin nan, a ciki zan zuba shi."

"Allah ya ba da sa'a. Yaushe za a fara?"

"Bayan Salla."

Salla ta zo ta wuce, ya ce sai damina ta ɗauke. Damina ta ɗauke, ya ce biron da ya saya ba ya tafiya da kyau. Ya sayi wani, ya ce sai ƙafarsa ta yi sauƙi. Shekara shida muna haka. Mahaifinku mai baki ne, kun sani. In ya zauna gindin mangwaron ƙofar gida yana ba da labarin yadda motarsu ta maƙale a taɓo da wani oga a ciki, har masu facin taya barin aiki suke yi su zo saurare. Amma in ya ɗauki biro sai hamma ta kama shi. Nakan tsokane shi in ce, "Malam marubuci, yau shafi nawa aka ci?" Sai ya ce, "Yana nan yana dahuwa a ka, ke da kin san kifi ba a yi masa gaggawa." Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗinsa, autata Hadiza tana kwashe kayansa ta tarar da littafin a ƙasan akwati. Na ce ta karanta mini. Ta buɗe, ta juya, ta sake juyawa. Bisimilla ce a sama, sai layi ɗaya tak a ƙarƙashinta: "Ni da Hajo mun iso Abuja ranar Laraba, ana ruwa." Shi ke nan. Na yi kuka ranar fiye da na ranar da aka fita da shi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Yanzu ma da nake faɗa ga shi ya dawo. Ki rubuta haka, Rifkatu, kada ki tsallake.

Duk tsawon takaba layin nan yana mini yawo a kai. Ana ruwa, sai kuma me? Ni kaɗai na rage a duniya da na san sauran. Na san rigar da ya sa ranar, na san gurasar da muka raba biyu a tasha. In na bi shi ban faɗa ba, an binne ranar Laraban nan tare da ni. Saboda haka ranar da na fita takaba na yi wanka, na ɗauki littafin na shiga gidan Rifkatu.

"Maman Bulus, hannunki na zo aro."

"Hannuna kuma? Me ya samu naka?"

Haka take magana, kun san Hausarta, mace da namiji duk tukunya ɗaya take zuba su. Na yi mata bayani. Ta cire tabarau ta goge ido, sannan ta gaya mini abin da ban sani ba: 'ya'yanta sun gama mata gini a garinsu wajen Jos, tana cin Kirsimeti za ta tashi, ba dawowa. Ta ɗauko kalanda daga bango ta ƙirga. Ta cire Juma'a, tawa, ta cire Lahadi, tata. Kwana sittin suka rage.

"Maman Hadiza, ni na yi aiki da oga-oga da yawa. Wanda ya ce sai ya samu lokaci, har ritaya bai samu ba. In za mu yi, sai da doka."

A nan muka kafa dokokinmu. Kullum labari ɗaya, daga sallame azahar zuwa kiran la'asar. Ba a cin abincin rana sai an rufe biro. Ba a komawa baya don gyara, sai an kai ƙarshe. Ladanta kuwa ita ta yanke da bakinta, kan tarwaɗa biyu kullum don farfesu, kuma ta ce in na kawo mata karfasa ta ajiye aiki.

Kwana uku da farawa sai ga babban yayanku daga Gwagwalada da mota, har da igiyar ɗaure kaya. Ya riga ya share mini ɗaki, ya sa fanka, matarsa ta ɗinka labule. Yaron kirki, Allah ya yi masa albarka. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce in tashi mu tafi.

"Sai bayan Kirsimeti," na ce.

"Inna, Kirsimeti kuma? Me ya haɗa ki da ita?"

"Aiki ne da ni."

"Wane aiki? Kifin nan dai? Mutane za su ce mun bar uwarmu ita kaɗai cikin hayaƙi."

"Littafi nake rubutawa."

Bai yi dariya ba, tarbiyyarsa ba ta bari ba, amma na ga dariyar ta zo har maƙogwaro ya haɗiye. Ya ce a yi a waya mana, in riƙa faɗa ana ɗauka, a can ma sai a yi. Na ce waya ba ta tambaya. Rifkatu kuwa in na yi tsalle sai ta buga biro a benci ta ce, "Tsaya, wane ne ya ba ka duron?" Ya koma da motarsa wayam, ransa a ɓace. Sati goma bai tako gidan nan ba, sai dai ya aiko da gaisuwa ta bakin ƙanwarsa. Abin ya ci ni ƙwarai, don tunda na haife shi bai taɓa yin fushi da ni haka ba. Kasuwa ma ta ji a jikinta. Tsakanin azahar da la'asar ne matan ma'aikata ke aiko direbobi sayen banda, ni kuma na ce lokacin ba na nan ko ina nan. Wasu suka jira, da yawa suka koma wajen wasu. Ban ji daɗi ba, amma ban sauya ba.

Kada ku ɗauka kullum da kuka muke yi. Rabona da irin dariyar da na yi a kan bencin nan tun ina amarya. Ranar da na ba da labarin yadda mahaifinku ya koya mini gaisuwar Turanci don matar ogansa, na je na gaishe ta da ta dare da sassafe, Rifkatu ta yi dariya har biro ya faɗa cikin toka. Wata rana kuma yunwa ta ci mu, labarin ya ƙi ƙarewa, ga tuwo a rufe yana kallonmu.

"Maman Hadiza, kashe labarin nan mana, cikina yana kiran coci."

"Ke kika kafa dokar."

"Na kafa, amma ban san bakinka ba shi da birki ba."

Sau ɗaya na karya doka, kuma sai da ta kai kwana tara. Mun iso labarin yayarku Safiya, wadda ba ku sani ba, da ta rasu tana da shekara biyu. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Washegari na ce kaina ke ciwo. Rana ta uku na ce hayaƙi ya shige mini ido. Sai na ji kaina ina cewa, "Bari dai sanyin nan ya wuce," na gane muryar wa ke fita daga bakina, na kuwa tsorata. Rifkatu ba ta yi mini faɗa ba. Kullum bayan azahar za ta zo ta zauna, ta buɗe littafi, ta ɗora biro a kai, ta jira har a kira la'asar, ta tashi ba ta ci komai ba. A rana ta tara na ce mata ta daina wahalar da kanta.

"Ni ban karya doka ba," ta ce. "Yau faɗi magana ɗaya kawai. Ɗaya. In rubuta mu ci abinci."

Na ce, "Tana son ayaba."

Ta rubuta. Ta ɗago ta dube ni. Sai ga sauran yana zuba kamar an fasa randa. Bayan nan sai da muka riƙa yin biyu a rana har muka cike kwana taran, tsohuwa da tsohuwa muna tsere da kalanda.

Mun kai labari na arba'in Hadiza ta zo hutun ƙarshen mako ta ce a ba ta ta gani. Ta fara karantawa a fili, ba ta yi nisa ba ta kwanta a tabarma tana riƙe ciki.

"Mama Rifkatu, a nan kin rubuta Baba ta ɗauki mota ta tafi, Inna kuma ya haifi Yaya."

"To ba a haife shi ba ne?"

"An haife shi, amma ba namiji ne ya haife shi ba."

"Ke gyara. Ni aikina kada magana ya faɗi ƙasa."

Hadiza ta ɗauki jan biro ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana mayar wa kowa da jinsinsa, shi ya sa za ku ga littafin kamar an yanka kaza a kai. Tana cikin gyaran ne dariyar ta ɗauke. Ta juya shafuka gaba, ta juya baya.

"Inna, ina sunan Baba?"

"Ga shi nan ko'ina."

"Babu. Malam, mai gidan, mahaifinku, shi. Labari arba'in, ko sau ɗaya babu sunansa. Jikokin jikokinki za su karanta su ce wane ne wannan?"

Gaskiya ta faɗa. Shekara arba'in da bakwai ina zaune da mutumin nan, sunansa bai taɓa bi ta bakina ba. Haka na ga uwata ta yi, haka kakata. Mace ba ta kiran sunan mijinta, kamar yadda ba ta kiran na ɗan fari, shi ya sa har yau yayanku yake yayanku. Ba sunan kaɗai ba, har abin da ya yi kama da shi. Farin abin nan da ake kaɗi da shi, ake cusa wa matashi, ni kaɗa nake ce masa irin na mutanenmu, don sunansa na nan garin da sunan mahaifinku yake farawa. Lokacin da ƙafarsa ta yi miki, na je kemis na ce a ba ni kaɗa. Mai shagon ba Bahaushe ba ne, ya ce ba su sayar da kada, in je gidan zu. Na yi nuni, na yi kwatance, ya miƙo mini bandeji, ya miƙo filasta. Na dawo hannu biyu. Mahaifinku yana kwance ya ji labarin, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Hajo, ki kira shi mana sau ɗaya in ji yadda yake a bakinki. Ba wanda zai ji."

"Ka sha maganinka."

"Rowa dai. To na bar ki da bashinsa."

Wasa yake yi, ni ma wasa na ɗauka. Wata biyu bayan nan ya tafi bai ji ba.

Rifkatu ta ce abu mai sauƙi ne, ai ta san sunan, ta rubuta shi a shafin farko a wuce wurin. Na ce a'a. Ma'aikata ta rubuta sunansa, asibiti ta rubuta, har takardar rasuwa wani ne ya rubuta wanda bai taɓa ganin fuskarsa tana dariya ba. Kowa ya taɓa sunan nan sai ni. In zai shiga littafina, ta wajena zai shiga. Amma bakin ya ƙi. Na gwada ni kaɗai a ɗaki da rana tsaka, harshe ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Har malamar Islamiyyarmu na tambaya. Ta yi murmushi ta ce, "Inna, ai addini bai hana ba, al'ada ce kawai." Na ce mata na sani, ba tsoron zunubi nake ji ba, kunyarsa nake ji. Ta ce to wannan ba ta da fatawarsa.

Rifkatu ce ta samo hanya, tana tsotsar ƙashin kan tarwaɗa.

"Maman Hadiza, an ce kada baki ya kira. An ce kada hannu ya rubuta?"

Na juya maganar a raina. Uwata ba ta hana ba, don ba ta san ana yi ba. Kakata ma haka.

"Da wannan hannun? Shekara saba'in bai riƙe alƙalami ba."

"Ka gode Allah. Harafi huɗu ne, biyu ma tagwaye ne, uku kawai za ka koya. Da Abdurrahman ka aura, da sai Ista."

Kwana ashirin suka rage. Muka ƙara doka: bayan la'asar, kafin a kwashe kifi, harafi. Ba a takarda na fara ba, a toka na fara, da tsinke. Na farko kamar jinkar ɗaki ne da aka gicciya wa sanda. Shi ya fi ba ni wuya, kullum jinkata sai ta rushe gefe guda, Rifkatu ta ce ko akuya ba za ta kwana a ciki ba. Na biyu ƙwarya ce a zaune, baki sama. Wannan kam na kama shi rana ɗaya, wa zai koya mini ƙwarya? Na uku mace ce mai ciki wata tara, a tsaye. Sai dai ni kullum cikin nata baya nake kai shi.

"Wannan ba ciki ba ne, goyo ne," in ji Rifkatu. "Juya shi gaba. Bai haihu ba tukuna."

Daga toka na koma gawayi a jikin duro, daga gawayi na koma biro a bayan kwalin sabulu. Biro abu ne mai santsi, ya fi tarwaɗa mai rai wuyar riƙo. Yatsuna suka yi tsami, na riƙa gasa su a bakin wuta ina komawa. Abu ɗaya na kiyaye, ban taɓa jera su a layi ba. Jinka a nan, ƙwarya can, mai ciki a wani gefe. Na ce ba za su haɗu a kan kwalin sabulu ba, kuma ba za su haɗu sau biyu ba.

A cikin kwanakin nan ne yayanku ya zo, ba mota, ba igiya. Ashe Hadiza ta ɗauki hoton wasu shafuka ta tura masa. Ya same ni durƙushe gaban duro da gawayi a hannu, fuska duk baƙi. Ya tsaya yana kallon jikin duron, ƙwarya ta fi talatin a jere. Shi da ya yi karatu bai buƙaci a gaya masa inda aka dosa ba. Ya zauna a ƙasa da fararen kayansa.

"Inna, ban san ina da ƙanwa mai suna Safiya da ke son ayaba ba."

"Kana da shekara huɗu, ka manta."

"Saura labari nawa?"

"Bakwai."

"To ɗakin yana nan, ba ya gudu." Ya ɗauki wani gawayin ya gyara wa mai cikina tsayuwa. "Nan za ki fara, daga sama."

Ranar ya ci tuwo da mu bayan la'asar, don Rifkatu ta ce doka ba ta san ɗan fari ba.

Yau ga mu. Kayan Rifkatu suna ɗaure, jibi motarta za ta zo, tawa kuma wanshekare. Duron kuwa na yi alkawarinsa ga wata yarinyar kasuwa da ta iya wuta. Ina kewar mahaifinku yau kamar jiya ya fita, kuma ina cikin farin ciki irin wanda ban zaci zan sake gani ba, duka biyun a ƙirji ɗaya, ba wanda ya kori wani. Abin da ya fara da layi ɗaya, ga shi mun kai masa shi gida. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da Safiya. Allah ya saka wa Rifkatu, ya kai ta garinsu lafiya, ya ba ta maƙwabta masu tarwaɗa.

Yanzu zan karɓi biron. Na ce mata ta juya baya, ta ce sai ta gama rubuta cewa na ce ta juya baya. Abin da za ku gani a ƙasa, a karkace, hannuna ne. Ku nuna wa 'ya'yanku, ku gaya musu kakansu ke nan. Amma muddin ina raye, kada wanda ya karanta shi da ƙarfi a gabana.

Malam, ka ce in kira sau ɗaya. Ga shi.

A U D U